Ribah: Yaushe ya halatta ɗan sanda ya buɗe wuta?

Mutanen Ribah da ƙauyukan da ke kewaye da ita a kudancin jihar Kebbi sun shafe shekaru suna roƙon a ƙara musu jami'an tsaro da makamai, kuma babu wanda zai ga baikensu.

Garin shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, yankin da ke iyaka da jihar Zamfara, kuma yana cikin wuraren da 'yan fashin daji suka fi addaba a jihar.

A irin wannan wuri, duk wanda ya tayar da maganar taƙaita wa 'yan sanda amfani da ƙarfi, ana iya yi masa kallon wanda bai san zafin da ake ji ba. Abin da manomin da aka kora daga gonarsa ke so shi ne a tura wa ɓarayi wuta, ba a karanta masa sashen doka ba.

Sai dai ɗan sandan da ke fuskantar 'yan bindiga a daji da dare, shi ne dai wanda gari na wayewa zai tsaya a shingen bincike, ya raba faɗa a kasuwa, ya kamo wanda ake zargi da satar akuya, ko ya tari matasan da suka tare hanya don nuna fushi kan kisan 'yan uwansu. Bindiga ɗaya ce a kafaɗarsa a duk waɗannan wurare.

Saboda haka tambayar da ke gaban hukumomi, musamman bayan alƙawarin ɗaukar dubban sabbin 'yan sanda da aka yi a ƙarshen shekarar 2025, ita ce: wace ƙa'ida ce za ta nuna wa jami'i inda zai ɗana kunama, da inda zai yi amfani da baki?

Ƙasar Zuru cikin wuta

Domin a fahimci halin da ɗan sanda ke aiki a cikinsa a wannan yanki, sai an waiwayi abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan.

A watan Afrilun 2021, 'yan bindiga sun kashe 'yan sanda tara a ƙaramar hukumar Sakaba mai maƙwabtaka da Danko/Wasagu, cikinsu har da baturen 'yan sandan yankin.

A farkon watan Yunin wannan shekarar, aka kai hari wasu ƙauyuka na Danko/Wasagu, inda rundunar 'yan sandan jihar ta tabbatar da mutuwar mutane 88. Makonni biyu bayan haka aka sace ɗalibai da malamai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri.

A watan Maris na 2022, an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60 daga cikinsu. Bayan kwana biyu kuma aka yi artabu a ƙauyen Kanya da ke Danko/Wasagu, inda rahotannin lokacin suka ce jami'an tsaro aƙalla 19 ne suka rasa rayukansu, akasarinsu sojoji, amma da 'yan sanda a ciki.

Sai kuma ranar 17 ga watan Nuwamban 2025, lokacin da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, ita ma a wannan ƙaramar hukuma, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Ɗaya ta kuɓuta, sauran 24 kuma aka sako su bayan kimanin mako guda. Gwamna Nasir Idris ya fito fili ya nemi a binciki dalilin janye sojojin da aka girke a makarantar jim kaɗan kafin harin.

Jami'in da ya binne abokan aikinsa, kuma ya san cewa maharan sun fi shi yawa da makamai, ba zai rasa ɗar-ɗar ba. Zai riƙa kallon kowane babur da ya taho da gudu a matsayin barazana, kowane baƙon makiyayi a matsayin ɗan leƙen asiri. Wannan fargaba ce ke sa hannu ya riga tunani.

A nan ne ƙa'ida ke da amfani. Babu wata dokar Najeriya ko ta duniya da ta hana ɗan sanda harbin wanda ya zo masa da bindiga, ko ya zo kashe wani. Inda gardama take shi ne sauran lokutan, waɗanda su ne mafi yawa a aikinsa na yau da kullum.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin rayuwa. Amma ƙaramin sashe na biyu ya ce ba za a ɗauka an tauye wannan 'yanci ba idan mutum ya mutu sakamakon amfani da ƙarfin da doka ta yarda da shi, kuma ya zama wajibi, a yanayi uku: kare wani daga cin zarafi ko kare dukiya, kama wanda doka ta ce a kama ko hana tsararre tserewa, da kuma murƙushe tarzoma ko tawaye ko bore.

Lauyoyin kare haƙƙin bil'adama sun daɗe suna cewa wannan ƙofa ta yi faɗi, domin ta haɗa rai da dukiya a ma'auni guda.

A cikin rundunar kuwa, abin da ke yi wa jami'i jagora shi ne umarnin aiki mai lamba 237. Tsohon umarnin, wanda aka yi aiki da shi shekaru da dama, ya halatta harbin tsararren da ya yi yunƙurin tserewa, da kuma wanda ya gudu don kada a kama shi, muddin laifin da ake zarginsa da shi na iya jawo hukuncin kisa ko ɗaurin shekara bakwai zuwa sama.

Haka kuma ya halatta buɗe wuta kan masu tarzoma idan sun kai 12 ko fiye kuma suka ƙi watsewa bayan an karanta musu gargaɗi, tare da cewa a auna gwiwoyinsu, a kuma ware jagororin da ke gaba a harbe su.

Philip Alston, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman kan kisan da ba ya bisa ƙa'ida, ya ziyarci Najeriya a tsakiyar 2005, 'yan makonni bayan 'yan sanda sun kashe wasu matasa shida a unguwar Apo da ke Abuja suka ce 'yan fashi ne. A rahoton da ya fitar a farkon 2006, ya soki umarnin da kakkausar murya, yana mai nuna cewa tun da tserewa daga hannun hukuma ita kanta babban laifi ce, to kusan duk wanda ya juya baya ya ruga ya zama halattaccen abin harbi.

Sakamakon ya bayyana a alƙaluman rundunar kanta. A watan Nuwamban 2007, Sufeto Janar na lokacin Mike Okiro ya sanar da cewa cikin wata uku jami'ansa sun kashe mutane 785 da ake zargin 'yan fashi ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tsaya gaban alƙali.

A ƙarshen watan Yulin 2009 kuma aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Maiduguri, bayan sojoji sun miƙa musu shi da rai. Abin da ya biyo baya kowa ya gan shi.

Mutanen tsohuwar jihar Sokoto, wadda Kebbi ke cikinta har zuwa 1991, suna da nasu tarihin. A watan Afrilun 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma sun afka wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu a madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talata Mafara. Gwamnati ta ce mutane ashirin da 'yan kai ne suka mutu, yayin da mazauna yankin da masu bincike suka ce adadin ya kai ɗaruruwa.

Gyara a kan takarda

Ma'aunin da duniya ta amince da shi ya samo asali ne daga wasu ƙa'idoji da wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar a birnin Havana na ƙasar Kyuba a 1990.

Ƙa'idojin sun ce jami'i ya fara gwada hanyoyin da ba na ƙarfi ba. Idan ƙarfi ya zama dole, to ya kasance daidai gwargwadon barazanar. Bindiga kuwa ba a ɗaukarta sai don kare kai ko kare wani daga mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, ko hana wani babban laifi da ke barazana ga rai, ko tsayar da mutumin da ke ɗauke da irin wannan haɗari. Harbi da nufin kisa bai halatta ba sai in babu wata hanya ta ceton rai.

Haka nan sun ce jami'i ya bayyana kansa, ya yi gargaɗi, ya ba da lokacin da za a bi gargaɗin idan hali ya yi, ya nema wa wanda ya ji rauni magani, sannan ya kai rahoto ga na sama da shi. Sun kuma fayyace cewa rashin zaman lafiya a ƙasa ba hujja ba ce ta jingine waɗannan sharuɗɗa.

Sai a watan Oktoban 2019 ne Sufeto Janar Muhammad Adamu ya ƙaddamar da sabon umarni mai lamba 237 da aka yi wa kwaskwarima, wanda ya matso kusa da wannan ma'auni, inda ya ɗora amfani da bindiga a kan barazanar da ke fuskantar rai kai tsaye. A farkon shekarar ma ya ba da umarnin a koma aikin sa'o'i takwas maimakon 12, bisa dalilin cewa gajiya na cikin abubuwan da ke jawo harbin ganganci.

A watan Satumban 2020, shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar 'yan sanda, wadda ta maye gurbin wadda aka gada tun 1943, zamanin mulkin mallaka. Dokar ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum kan bashi ko saɓanin ciniki, ta hana azabtarwa, ta kuma wajabta wa alƙalan majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata domin duba waɗanda ake tsare da su.

To amma wata guda bayan haka zanga-zangar EndSARS ta ɓarke kan cin zalin da ake zargin rundunar yaƙi da fashi ta SARS da aikatawa, abin da ya kai ga rusa ta a ranar 11 ga watan Oktoban 2020.

Gwajin da ya fi shafar arewa ya zo ne a watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Ƙungiyar Amnesty International ta ce 'yan sanda sun kashe aƙalla mutane 24 a jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Borno da Neja, yawanci da harsasai masu rai. Rundunar 'yan sanda ta musanta rahoton.

Ko ma wane ɓangare mutum ya gaskata, abu ɗaya ya fito fili: shekara biyar bayan sauya umarnin, har yanzu ana kirga gawarwaki bayan an watsa taron jama'a a manyan birane, inda akwai kyamarori da lauyoyi da 'yan jarida. Wannan ne ya sa ake tambayar yadda lamarin zai kasance a wuri irin Ribah, mai nisan tafiyar sa'o'i daga Birnin Kebbi.

Mene ne lafar da ƙura?

Abin da masana aikin ɗan sanda ke nufi da dabarun lafar da ƙura ba ya wuce abubuwa kaɗan da kowane dattijo mai sasanta rikici ya sani.

Na farko shi ne tazara. Jami'in da ya tsaya nesa da mai riƙe da adda, ko ya sa mota a tsakaninsu, ya ba kansa damar tunani. Wanda ya kutsa har ya zama hannu zai iya kai wa gare shi, ya jefa kansa cikin halin da sai ya harba.

Na biyu shi ne lokaci. Yawancin rikice-rikice ba sa buƙatar a warware su cikin minti ɗaya. Mutumin da ya kulle kansa a ɗaki, ko matasan da suka tare hanya da duwatsu, ana iya jiran zafinsu ya sauka, a kira hakimi ko limami ko fasto ko sarkin samari. Hausawa na cewa abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa.

Na uku shi ne magana: mutum ɗaya ya yi ta, da murya a kwance, da harshen da ake ji. Wannan na da muhimmanci a ƙasar Zuru, inda Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani ke cuɗanya, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya. Kurtun da aka turo daga wata jiha mai nisa, wanda ko Hausar kasuwa ba ta zauna masa ba, idan ya daka tsawa ba a gane ba, sai ya ɗauka taurin kai ne.

Na huɗu shi ne samun abin da ke tsakanin baki da harsashi, kamar kulki da garkuwa da ankwa da barkonon tsohuwa. Jami'in da babu komai a hannunsa sai AK-47, bindigar da aka ƙera don fagen daga, zaɓinsa biyu ne kacal: ya yi ihu ko ya harba.

Akwai shaidar cewa horo kan waɗannan dabaru na yin tasiri. A birnin Louisville na Amurka, masu bincike daga Jami'ar Cincinnati sun bi diddigin irin wannan horo da aka ba 'yan sanda a 2019. Sun gano cewa amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin 100, raunukan da farar hula ke samu sun ragu da kashi 26, na jami'an kansu kuma da kashi 36.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne amsar masu cewa lallashi na jefa ɗan sanda cikin haɗari.

Sai dai wannan birnin ya ba da wani darasin na daban. A watan Maris na 2020, watanni kaɗan bayan horon, 'yan sandansa suka harbe wata mata baƙar fata, Breonna Taylor, a cikin gidanta da dare. A 2023 kuma ma'aikatar shari'ar Amurka ta ce ta gano cewa rundunar birnin na da al'adar wuce gona da iri. Ma'ana, horo shi kaɗai ba ya isa idan babu sa ido da hukunci.

Ga masu karatun fiƙihu, wannan tsari ba baƙo ba ne. Malaman Malikiyya, a babin tunkuɗe mai kawo farmaki, sun shardanta a fara yi masa gargaɗi idan mai fahimta ne kuma akwai sarari, sannan a bi mafi sauƙin abin da zai kawar da cutarwarsa, kada a kai ga kisa sai in an tabbatar ba zai tunkuɗu ba sai da shi. Tun ƙarnoni kafin taron Havana ake karantar da wannan a zauruka.

Bindigogin da ba su da umarni

A ƙasar Zuru, ba ɗan sanda kaɗai ke riƙe da makami da sunan tsaro ba. Akwai sojoji, waɗanda horonsu na yaƙi ne. Akwai 'yan banga da mafarauta. Akwai kuma 'yan sa-kai, waɗanda suka taso saboda hukuma ta gaza kare ƙauyuka.

Yankin ya yi suna wajen jarumtaka da shiga aikin soja, kuma ya haifi manyan hafsoshi irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi da marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya rasu a 2025. Ba abin mamaki ba ne da matasansa suka ƙi zama su naɗe hannu, kuma mutane da yawa a yankin na ganin ba domin su ba, da ƙauyuka da dama sun tashi.

Amma a cikin duk masu riƙe da makaman nan, 'yan sa-kai ne ba su da wani rubutaccen umarni da ya ce musu ga inda za a tsaya, ba su da littafin da ake rubuta wanda aka kama, ba su kuma da wata hukuma da za a kai ƙararsu.

A 2020, ƙungiyar Miyetti Allah ta yi zargin cewa 'yan sa-kai sun kashe makiyaya masu yawa a ƙananan hukumomin masarautar Zuru ba tare da an gurfanar da su gaban shari'a ba.

Maƙwabciya Zamfara ta riga ta nuna inda wannan hanya ke kaiwa. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sokoto, a wata lacca da ya gabatar a 2021 bayan doguwar hulɗa da 'yan bindigar, ya nuna yadda kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni da hanyoyi ya taimaka wajen mayar da satar shanu yaƙin ramuwar gayya.

Duk wanda aka kashe bisa zato yana da 'yan uwa, kuma shugabannin daba a daji suna jiran irin waɗannan masu fushi da hannu biyu.

'Yan arewa sun ɗanɗani ɗacin irin wannan hukunci daga ɗaya gefen a watan Maris na 2025, lokacin da 'yan banga da gungun jama'a suka kashe mafarauta 16 a garin Uromi na jihar Edo, suna kan hanyarsu ta komawa Kano, bisa zargin cewa masu garkuwa da mutane ne. Ƙa'idar da aka yi kuka an take a Uromi, ita ce dai ke kare baƙon makiyayi a kasuwar ƙauye a kudancin Kebbi.

Gwamnatocin Katsina a 2023, da Zamfara da Sokoto a 2024, sun yi ƙoƙarin shigo da irin waɗannan matasa ƙarƙashin doka ta hanyar kafa rundunonin tsaron al'umma masu kaki da albashi. Kaki da albashi mataki ne, amma abin da zai bambanta su da 'yan sa-kan da suka gada shi ne ko an koya musu iyaka, kuma ko ana hukunta wanda ya ƙetare ta.

Sabbin kurata, tsohuwar tambaya

Kwanaki kaɗan bayan harin Maga, shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin janye 'yan sandan da ke gadin manyan mutane. A ranar 26 ga watan Nuwamban 2025 kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaro, ya ce a ƙara ɗaukar 'yan sanda 20,000, abin da zai kai adadin sabbin da za a ɗauka zuwa 50,000, tare da ba da damar amfani da sansanonin masu yi wa ƙasa hidima wajen horar da su. Ya kuma nemi majalisar dokoki ta duba dokokin da za su ba jihohi damar kafa nasu 'yan sandan.

Babu musu kan buƙatar ƙarin. Alƙaluman da aka saba ambatawa sun nuna rundunar na da jami'ai kimanin 370,000 ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma kason da ke isa ƙauye daga cikinsu kaɗan ne.

Abin fargabar shi ne gaggawa. Idan aka matse lokacin horo, darasin da ake fara yankewa shi ne na doka da magana da jama'a, a bar fareti da harbi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kurtun da bai taɓa gwada yadda ake kwantar da mutum mai fushi a filin horo ba, ba zai koya ba a ranar da aka kewaye shi a kasuwa.

Maganar 'yan sandan jihohi ma ta tuno wa dattawa zamanin 'yan doka da dogarai na En'e, waɗanda aka narkar cikin rundunar tarayya bayan juyin mulkin 1966. Sun san gari, sun san harshe, sun san ɗan kowa. Amma an kuma zarge su da zama bulalar masu mulki a kan 'yan adawa, musamman 'yan NEPU. Kusanci da jama'a na sauƙaƙa sasanci, sai dai ba ya maye gurbin ƙa'ida.

Akwai abubuwa ƙalilan da za a iya auna gaskiyar kowane gyara da su a caji ofis na gari kamar Ribah. Ko ana ƙirga harsasan da jami'i ya fita da su da waɗanda ya dawo da su? Ko duk harbin da aka yi ana rubuta dalilinsa, wani na daban ya bincika? Ko majistare na zuwa duba tsararru kamar yadda dokar 2020 ta ce? Ko mutumin ƙauye ya san cewa akwai sashen karɓar koke-koke da rundunar ta kafa tun 2015, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa, kuma ko zai iya isa gare su?

Sannan akwai haƙƙin jami'in kansa. Wanda ba shi da rigar sulke, ba shi da na'urar kiran ɗauki, ya kuma kwana uku a shinge ba a canje shi ba, wa'azin haƙuri ba zai yi masa tasiri sosai ba.

Ribar wannan duka ga yaƙi da 'yan fashin daji a bayyane take. Ɓarayin na dogaro da masu kai musu rahoto da man fetur da abinci daga cikin gari, kuma jama'ar gari ne kawai suka san su. Manomi ko makiyayin da ya ga an harbi ɗan uwansa a shinge, ko ya ji an shiga da maƙwabcinsa caji ofis ba a sake ganinsa ba, ba zai taka ƙafarsa ya kai labari ba, ko da ya ga ayarin babura na ƙetara rafi.

Mutanen Danko/Wasagu na da haƙƙin samun jami'an da za su tari 'yan bindiga da ƙarfin da ya dace. Suna kuma da haƙƙin sanin cewa bindigar da aka turo don ta kare su ba za ta juyo kansu ba a kan gardamar shinge ko zargin da ba a tabbatar ba.

Dokokin da za su tabbatar da haƙƙi na biyun suna nan a rubuce tun 2019 da 2020. Abin da ya rage a gani shi ne ko za su yi tafiyar da ke tsakanin hedkwatar rundunar a Abuja da teburin ɗan sandan da ke karɓar ƙara a Ribah.